Kundin Aikin Wankewa da Adana Tawul ɗin Goge Mota, Nuwamba 2024 zuwa Janairu 2025

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta yadda sauyin tsarin tawul yake tafiya a wurin wankin motarmu da ke Kano, domin a san abin da aka kashe, da abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa. Har zuwa makon jiya, abin da ake goge mota da shi a nan shi ne wanda ake gani a galibin wuraren wanki na gari, wato tsofaffin tawul ɗin wanka na auduga, da yagaggun singileti, da shami biyu, wato irin fatar nan ta tsane ruwa a jikin mota, da suka tsufa suka yi tauri. Tsumma ɗaya ne yake bin taya, ya hau jikin mota, ya ƙare a gilashi, da yamma kuma a ɗauraye shi a ragowar ruwan kumfa a rataye a katanga. Tun da muka fara karɓar aikin folish wannan hali ya daina yiwuwa, domin wanda ya biya kuɗin folish a cikin rana yake duba motarsa, kuma siraran zanen da tsumma ke bari ba sa ɓuya a kan baƙin fenti.

Fentin motocin zamani yana da wani rufi garai-garai a samansa wanda kaurinsa yake tsakanin maikron 40 da 50, bai ma kai kaurin silin gashin kai ba. Duk zanen da ya shiga wannan rufi ba ya fita sai an kankare wani abu daga cikinsa da injin folish, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Saboda haka na ɗauki tawul a matsayin kayan aiki mai bukatar kulawa irin wadda ake ba inji, tun da shi ne abu na ƙarshe da yake taɓa fentin kafin mai mota ya karɓi mukullinsa.

Na shiga Kasuwar Sabon Gari na sayo tawul na maikrofaiba kashi huɗu. Na aikin yau da kullum, masu faɗin santimita 40 da tsawon 40 da nauyin kusan giram 300 a kowace murabba'in mita, guda 40 a kan naira 1,300 kowanne, ya kama 52,000. Masu kauri da laushi na kwashe folish guda 12 a kan 2,500, ya kama 30,000. Manyan na tsane ruwa guda 4 a kan 9,000, ya kama 36,000. Na gilashi masu saƙar gida-gida guda 10 a kan 1,800, ya kama 18,000. Da bokitai huɗu masu murfi na 14,000, kuɗin yau ya tashi naira 150,000 cif.

An raba aiki bisa launi. Toka-toka na tsane ruwa ne, rawaya masu kauri na folish, shuɗi na gilashi. Na aikin yau da kullum kuma rabi kore ne, na cikin mota da dashbod, rabi ja ne, na taya da rim da bakin ƙofa. Kowane bokiti an ɗaura masa ƙyalle mai launin tawul ɗin da zai riƙa shiga cikinsa, kore da shuɗi suna tarayya a guda.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An yi wa sababbin tawul ɗin wankin farko kafin su taɓa mota, domin sukan zo da ƙurar masana'anta da ta kasuwa da ragowar rini. An fara da cire ɗan ƙyallen tambari da ake ɗinkawa a gefe, saboda ya fi jikin tawul ɗin tauri kuma yana iya zana fenti. Ja ya zubar da rini sosai, har ruwan baho ya koma jawur a ɗauraya ta farko da ta biyu. Da an haɗa shi da rawaya, da tsarin launin ya rushe tun kafin a fara. Sauran launukan ba su zuba ba, in ban da shuɗi da ya ɗan rina ruwa kaɗan.

Na bayyana wa yara dalilin da ya sa wannan tawul ya bambanta da tsumma. Zarensa haɗin foliyesta ne da nailan, yawanci kashi 80 da 20 ko 70 da 30, kuma a masana'anta ake tsattsaga kowane sili ya zama mai lungu-lungu. Lungunan nan su ne suke kama ƙura da maiƙo su riƙe. Abin da ya sa yake gogewa da kyau shi ne kuma abin da ya sa yake da wuyar wankewa, domin abin da ya kama ba ya saurin sakinsa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Aiki ya tafi daidai. An koya wa kowa ninka tawul gida huɗu, ta yadda zai ba da fuska takwas, a juya zuwa sabuwa da zarar ta farko ta ɗauki dauɗa. Wankin hannu na yamma yana cin lokaci fiye da yadda aka zata.

Talata, 12 ga Nuwamba

An samu asara ta farko, kuma babba ce. Ranar Asabar da Lahadi motoci sun yi yawa, tawul masu dauɗa suka taru fiye da abin da yara za su iya wankewa da hannu bayan magariba, sai aka ɗaure rawaya da toka-toka da wasu shuɗi aka kai wa wani mai wanki da guga na unguwa. Mutum ne mai tsafta a aikinsa, kuma ya yi musu irin hidimar da yake yi wa kayan da yake ganin darajarsu. Ya wanke su tare da tawul ɗin wanka na auduga, ya ɗauraye su da ruwan tausasa kaya mai ƙamshi, sannan ya bi wasu daga ciki da dutsen guga na gawayi kafin ya lura suna maƙalewa a ƙarfen. Da ya kawo su yau a ninke, ya ce mini, "Alhaji, waɗannan kayan naka ba sa son wuta, shi ya sa na dakata." Na ce masa, "Malam, Allah ya saka da alheri da ka dakata, da ka ƙarasa da babu wanda zai tsira." Na biya shi naira 6,000 da muka yi ciniki.

Ɓarnar iri uku ce, kuma kowace da matsayinta. Ta guga ba ta da magani. Foliyesta da nailan roba ne, ba sai zafi ya kai na narkar da su gaba ɗaya ba, tun kafin nan kawunan siraran zaren suke lanƙwashewa su manne da juna su yi tauri. Idan aka shafa bayan hannu a wurin da dutsen guga ya bi, ana jin kaushi maimakon laushi. Na gwada su a bayan wani tsohon faifan CD, wanda robarsa ke saurin nuna zane, kuma rawaya biyar da babban toka-toka ɗaya duk sun bar layi a ƙarƙashin hasken tocilan. An yanke musu kusurwa ɗaya da almakashi, alamar cewa sun sauka zuwa aikin taya da ƙarƙashin mota. A kuɗin saye, naira 21,500 ke nan suka tafi a wanki guda.

Ta biyu ita ce ta ruwan tausasa kaya. Aikinsa shi ne ya lulluɓe zare da wani siririn santsi, wanda a jikin riga abin so ne, amma a jikin wannan tawul yana toshe lungunan da ke shan ruwa. Na zuba ruwa kaɗan a kan gilashi na tura shi da tawul mai shuɗi, sai ruwan ya riƙa gudu a gaban tawul ɗin maimakon ya shige cikinsa, kuma da wurin ya bushe ya bar jirwaye. Wannan ina sa ran zai fita da wanki mai ɗumi.

Ta uku ita ce burbushin auduga, wanda ya maƙale a ko'ina a jikin rawayan da suka tsira. Yara sun zauna suna tsince shi da hannu, amma wanda ya shige ciki sai a kan gilashi da baƙin fenti yake bayyana. Daga yau babu tawul ɗin da zai bar harabar nan da sunan wanki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na sayi injin wanki na hannu, mai tukunya biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, a kan naira 95,000. Ɗauko shi a a-daidaita-sahu 4,000, tiyo da gyaran waya 6,000. Na daɗe ina ja da baya a kan sayensa saboda halin wuta, musamman bayan duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a ƙarshen Oktoba, ga kuma litar fetur ta haura naira dubu. Abin da ya rinjaye ni shi ne irin wannan inji ba ya ɗumama ruwa da kansa, don haka ba ya jan wuta da yawa, ƙaramin janaretanmu yana ɗaukarsa. Tukunyar matsa ma ita kaɗai ta isa dalili, domin murɗa babban tawul da hannu yana wahalar da ɗinkin gefensa, kuma ba ya fitar da ruwa kamar yadda juyin inji ke yi.

An kafa doka cewa injin na tawul ɗin mota ne kawai, ba a saka kayan sawa a ciki ko da na Juma'a ne. Tsumman da ya taɓa fetur ko tina, wato ruwan sirka fenti, ko baƙin mai ba ya shiga inji ko kaɗan, saboda hatsarin gobara da kuma maiƙon da zai bari a tukunya. Irin wannan jefarwa ake yi. An mayar da gurbin waɗanda guga ta lalata a kan 22,500, domin farashi ya ɗan ɗaga.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Shuɗin da ruwan tausasa kaya ya toshe sun dawo shan ruwa bayan an maimaita musu wanki da ruwa mai ɗumi. Sai dai wata matsalar ta fito daga omo. Da safe ruwan tanki yana da sanyi a wannan lokaci, garin ba ya narkewa duka, kuma ƙwayoyin da suka rage suna laɓewa a cikin gashin rawaya masu kauri. Idan tawul ɗin ya bushe aka kaɗa shi a cikin rana, ana ganin farin gari yana tashi, idan kuma aka jiƙa shi a ruwa mai tsabta sai kumfa ta sake fitowa. Ba laifin wani kamfani ba ne, kowane irin gari aka gwada haka ya yi, kuma an yi shi ne domin tufafi, da turare da sinadarin ƙara haske waɗanda tawul ɗin mota ba ya bukata.

An koma sabulun ruwa marar turare mai yawa, jarka mai lita 5 a kan naira 9,500. Murfi ɗaya ya ishi tukunya guda. Yara sun so su ƙara domin ba su ga kumfa ta cika ba, amma yawan sabulu yawan ɗauraya yake jawowa, ruwa kuma da kuɗi ake jawo shi daga rijiyar burtsatse. An kuma mayar da lokacin wanki zuwa bayan azahar, lokacin da rana ta gasa baƙin tankin da ke sama ruwan ya yi ɗumi ba tare da an hura wuta ba. Abin da ake so shi ne ɗumin da hannu zai zauna a ciki ba damuwa, wajen digiri 40, kuma kada ya wuce 60 ko da an ƙara ruwan zafi domin masu maiƙon folish.

Jerin shiga inji ya zama daga mai tsabta zuwa mai dauɗa: shuɗi da toka-toka, sannan kore, sannan rawaya, ja a ƙarshe. Bayan ja ana wanke tukunya da ragar tace gashi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Babu wani sabon abu. An hana amfani da bilic, wanda wani yaro ya kawo shawararsa domin rawayan da suka yi duhu. Sinadarin kulorin yana cin nailan, kuma tabo a jikin tawul ba ya nufin dauɗa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Hazo ya sauka tun ranar Asabar, kuma ya nuna cewa wanki rabin aiki ne. Igiyar shanyarmu tana bayan rumfa ne, a fili, kusa da hanyar da ba a shimfiɗa wa kwalta ba. Tawul ɗin da ya fito daga inji tsaf, kafin ya bushe ya riga ya sha ƙura, domin danshi yana riƙe ta, bayan ya bushe kuma wani abu na daban yana ƙara janyo ta. A busasshiyar iskar hunturu zaren roba yana tara irin lantarkin nan da ke sa riga ta yi ƙara idan ana cire ta da dare, sai tawul ɗin ya riƙa zuƙo ƙura da ɓaɓɓakun ciyawa da tokar da iska ke kawowa daga masu ƙona shara. Jiya na ɗauki rawaya da aka wanke, na ɗauraye shi a farin bokiti da ruwa mai tsabta, na bar ruwan ya kwanta. A gindin bokitin na ga wani siririn laka mai ruwan ƙasa, wanda idan aka murza shi tsakanin yatsu ana jin ƙasa-ƙasa.

Wannan ƙura ba abin rainawa ba ce ga mai aikin fenti. Yawancinta iskar arewa maso gabas ce take ɗebowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da ta titunan gari, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin ma'adinin da ke cikin yashi, wanda a ma'aunin tauri na Mohs yake mataki na 7, sama da gilashin taga ma, balle rufin fenti. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a tawul ta isa ta ja layi daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Abin da ya fi damuna shi ne tawul mai kauri yana ɓoye ta, ido ba ya gani, hannu ma ba kullum yake ji ba, sai fentin ne yake ba da labari daga baya.

An gwada shanya a cikin ɗakin ajiya a rufe, amma iska ba ta ratsawa, manyan toka-toka suka kwana da danshi. An gwada rufa musu gidan sauro a kan igiya, ya tare ciyawa da toka amma ƙurar mai laushi ta ratsa. Abin da aka tsayar shi ne kafinta ya kewaye lungun da ke tsakanin ɗakin ajiya da katangar kudu, ya toshe ɓangaren arewa da gabas da falanki da tamfol tun da daga can iskar take bugowa, ya bar ɓangaren yamma da raga ninki biyu, a kuma yi daɓen siminti a ƙasa. Katako da raga da siminti da kuɗin aiki sun tashi naira 38,000. Wurin yana cikin inuwa, wanda hakan ma alheri ne, domin doguwar shanya a rana tana kashe launi kuma tana busar da zaren roba fiye da kima. A iskar wannan wata, tawul ɗin da inji ya matse da kyau ba ya wuce awa biyu zuwa uku ya bushe ko a inuwa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An gama ɗakin shanya. An sayi akwatunan roba uku masu murfi a kan naira 21,000, tawul yana bushewa a kaɗe shi a ninke a rufe, ba ya kwana a igiya. Gwajin farin bokiti ya nuna lakar ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta ɓace ɗungum ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Wata baƙar Camry da aka gama wa folish ta fito da layuka uku a kan but, kuma an gano asalinsu. Ƙaramin yaranmu ya saki rawaya ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe ya ci gaba da shi. Da na tambaye shi, ya ce, "Maigida, ai wurin a share yake, kuma ko ƙiftawar ido bai yi a ƙasa ba." Na sa ya ɗauko tawul ɗin muka buɗe gashinsa a ƙarƙashin tocilan, ya ga ƙananan tsakuwoyi biyu da idonsa, sun nutse har gindin zare inda kakkaɓa ba ta isa. Wannan ya fi kowane faɗa amfani. An sake bin but ɗin da inji, aikin da ya ci kusan awa guda da folish da ba a caji mai mota ba, sannan rufin fentin ya ƙara sirancewa a banza.

Dokar da aka ƙara ita ce duk tawul ɗin fenti da ya taɓa ƙasa ya tafi bokitin wanki nan take, bayan wanki kuma a duba shi a haske kafin ya koma akwati, idan akwai shakka a yanke masa kusurwa. Na kuma ce ba za a cire wa kowa kuɗi ba saboda tawul ya faɗi, domin idan aka sa tara, ɓoyewa za a riƙa yi, ɓoyewar kuwa ita ce mai tsada. An ajiye ƙaramin tebur mai taya kusa da kowace mota domin a daina ɗora tawul a kan kafaɗa ko a kan taya.

Laraba, 11 ga Disamba

An yi aikin rufin seramik na farko tun da aka fara wannan tsari, wato shafa wa fenti wani magani da ke daskarewa ya kare shi, a kan wata Lexus fara. Tawul huɗu da aka kwashe ragowar maganin da su an jefa su a bokitin rawaya kamar sauran, suka kwana biyu saboda babu wuta kuma janareta yana wurin gyara. Da aka zo wanke su, wuraren da suka sha maganin sun ƙandare kamar busasshen ƙirgi, wanki biyu bai sassauta su ba. Dalilin a fili yake. Maganin ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika wanda ake so ya daskare ya yi tauri a kan fenti idan ya sha iska, kuma ba ya bambance fenti da zare. A cikin tawul ma daskarewa yake yi, ya zama ƙananan ɓarɓashi masu kaifi.

Hanya biyu ce. Ko dai a tsoma tawul ɗin cikin ruwan sabulu da zarar an ajiye shi, a wanke a ranar, ko kuma a ɗauke shi a matsayin abin amfani sau ɗaya a kan fenti. Na zaɓi ta biyu, domin ko an jiƙa da wuri ba ni da hanyar tabbatar da cewa babu abin da ya daskare a ciki, kuma kuɗin aikin seramik ya isa ya ɗauki kuɗin tawul huɗu. An sayo farare masu gajeren gashi guda 10 a kan naira 13,000 domin wannan aiki kaɗai, kuma za a riƙa saka kuɗinsu a cikin farashin da ake faɗa wa mai mota. Huɗun da suka ƙandare ko taya ba a ba su ba, an mayar da su na goge ƙasa.

Litinin, 16 ga Disamba

Bokitin toka-toka ya yi wari. Murfin da aka sa domin ƙura ya kulle danshi, kuma tawul ɗin tsane ruwa a jiƙe sharkaf ake jefa shi. An canza: wanda ba za a wanke a ranar ba a rataye shi a ɗakin shanya, a igiyar ƙasa da aka ware wa masu dauɗa. Rawaya kuma ana tsoma su a ruwa da ɗan sabulu tun daga lokacin da aka gama da su, kafin folish ya bushe a jikinsu, kuma wankinsu ya yi sauƙi sosai tun da aka fara haka.

Asabar, 21 ga Disamba

Kwanakin nan shuɗi sun fara barin jirwaye a gilashi, toka-toka kuma sun rage laushi, alhali ba a sauya sabulu ba kuma babu abin da ya taɓa su na tausasa kaya. Zargina ya tafi kan ruwa. Ruwan rijiyarmu yana barin farin tabo a kan gilashi idan ya bushe da kansa, kuma butar da ake dafa shayi a wurin ta yi farin ɓawo a ciki, alamun da ke nuna akwai ma'adinan kalsiyam da magniziyam a narke. Waɗannan ma'adinai suna rage ƙarfin sabulu, kuma kowane wanki yana barin kaɗan daga cikinsu a jikin zare har su taru.

An sayo farin ruwan khal, irin na girki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kwalba biyu a kan naira 5,000. Ana zuba kamar rabin kofi a ɗauraya ta ƙarshe, a bar inji ya juya na mintuna kaɗan, a matse. Ba a haɗa shi da sabulu a ruwa ɗaya, domin tsaminsa yana raunana aikin sabulun. Na ja kunnen kowa cewa kada khal ya haɗu da bilic ɗin da ake wanke bayan gida da shi, saboda haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu, kuma an raba musu wurin ajiya. Bayan ɗauraya da khal ɗin toka-toka sun dawo da laushinsu, shuɗi bakwai sun daina jirwaye, uku kuwa ba su daina ba. Da aka bincika sai aka gano an taɓa goge dashbod da su bayan an fesa man sheƙi, wanda silikon ɗinsa ba ya fita da sauƙi. An mayar da ukun cikin kore, aka kuma raba bokitin shuɗi da na kore, tun da tarayyarsu ce ta kawo ruɗanin. Warin khal ba ya zama bayan bushewa. Za a riƙa amfani da shi sau ɗaya a mako, ba kullum ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Mako mai yawan motoci saboda bukukuwan aure da masu tafiyar ƙarshen shekara. Toka-toka huɗu ba su isa ba, sau da yawa ana jiran ɗaya ya bushe. An ƙaro jarkar sabulu, 9,500.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Lissafin abin da aka kashe daga 4 ga Nuwamba zuwa yau ya kama naira 379,500, ban da fetur ɗin janareta da kuɗin wuta, waɗanda ba a ware na wanki daga na sauran aiki ba. Daga ciki, inji da ɗakin shanya da akwatuna da bokitai sun ci 178,000, kuma waɗannan ba za a sake sayensu kusa ba. Daga tawul 82 da aka saya gaba ɗaya, 6 sun sauka saboda guga, 4 saboda seramik, 3 sun koma daga gilashi zuwa cikin mota, wasu 5 kuma an yanke musu kusurwa bayan faɗuwa ko tsufa. Idan aka dubi jerin, babu ko ɗaya da ya lalace a cikin tukunyar inji. In ban da tsufa, duk asarar ta faru ne a hannun wanda bai san kayan ba, ko a ƙasa, ko a bokiti kafin wanki. Tun daga 5 ga Disamba ba a sake maimaita folish ba saboda zanen tawul.

Ja su ne suka fi saurin mutuwa, domin ƙurar birki tana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe kuma man taya ba ya fita duka. Ba za a ƙara sayen sababbi domin taya ba, waɗanda suka sauka daga sama za su riƙa cike gurbin.

Abin da ke gaba a wannan wata shi ne ƙaro toka-toka huɗu, wanda zai kai kusan naira 40,000, da sayen ƙaramin ma'aunin ma'adinan ruwa domin a san ainihin abin da rijiyar ke bayarwa kafin a yi maganar matatar ruwa. Akwai kuma batun ruwan da inji ke zubarwa, wanda yanzu kwata yake bi kai tsaye da maiƙonsa da gashin robar da ragar tacewa ba ta kama ba. Na yi magana da magini a kan ƙaramin rami mai hawa biyu da zai tare laka da maiƙo, ya ce zai kawo ƙiyasi ranar Alhamis. Ɗakin shanya zai bukaci sauyi kafin damina, domin tamfol ɗin da ke tare iskar hunturu zai hana bushewa idan danshi ya dawo a watan Yuni, kuma rufinsa na yanzu ba zai tare ruwan sama mai iska ba. Za a duba farashin kwano da fankar bango a watan Afrilu.